Tsakanin Tumbin Akuya da Tankin Mota: Wa Ya Fi Cancantar Karan Dawa?

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi a watan Disamba, bayan an gama yankan dawa, zai ga gonaki fayau kamar an bi su da tsintsiya. An tattare kara dami-dami, wani an jingine shi a gindin gawo, wani yana kan amalanke, wani a gadon bayan jaki ya nufi gida. Harawar wake kuwa tun kafin nan an nannaɗe ta an ɗora bisa soro ko a rassan bishiya, inda bakin akuya ba ya kaiwa. Da wannan hoto a raina na zauna a wani taron ƙara wa juna sani a birni kwanakin baya, inda wani masani ya haska mana allo, ya jero lissafin abin da ya kira sharar gona, ya ce dukiya muke bari tana lalacewa alhali ana iya mayar da ita man mota. Aka tafa masa. Ni kuwa fuskar baffana ce ta faɗo mini, da irin kallon da zai yi wa mutumin da ya tsaya a bakin gonarsa ya kira karansa shara.

Kimiyyar da masanin ya dogara da ita gaskiya ce, kuma akwai mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kanta. Sai an fahimce ta tukuna za a gane inda lissafinsa ya kauce.

A madafa ya kamata a fara. Mai kunun zaƙi takan dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, sannan ta zuba niƙaƙƙen dankali ta rufe. Kafin gari ya waye kunun ya tsinke, ya ɗauko zaƙi tun ba a sa masa sukari ba. Abin da ya faru shi ne, sitacin gero doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukarin da ake kira gulukos, a cikin dankalin kuma akwai wani sinadari da ke bin sarƙar yana daddatsa ta. Idan ya datse nan sai ya matsa gaba, bai ragu ba, bai shiga cikin sukarin ba. Irin wannan sinadari shi ake kira katalis, sunan da ya samo asali daga Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, a 1835. Ni na fi son in kira shi dillali: yana ƙulla cinikin da in ba don shi ba zai kwana bai faɗa ba, kayan ba nasa ba ne, kuma ana tashi kasuwa zai koma gida yadda ya zo. Bambancinsa da dillalin kara na kasuwar Dambatta ɗaya ne, shi ba ya karɓar la'ada. Dillalan da jikin mai rai ke ƙerawa, irin na dankalin nan, su ne ake ce wa enzayim.

To shi ma karan dawa, fiye da sulusinsa sarƙar gulukos ce, wadda ake kira selulos. Sukarin da ke cikin tuwo shi ne a cikin dangar gidanku. Abin da ya raba su ƙulli ne. A selulos kowace ƙwaya kife take a kan maƙwabciyarta, don haka sarƙoƙin sukan miƙe sambal su manne da juna kamar tufkar igiya, ko ruwa ba ya ratsa su. Sannan akwai wani abu mai suna lignin da ya lulluɓe igiyoyin, kamar yadda magina ke shafe katanga da makuba don kada damina ta ci ta. Shi ke sa dawa ta kai tsawon mutum biyu iska ba ta kayar da ita ba. Cikin ɗan'adam ba shi da makamin kwance wannan ƙulli. Akuya ma ba da ƙarfin kanta take yi ba, ƙananan halittun da ke zaune a tumbinta ne ke yi mata aikin, haka ita ma gara.

Neman kwance ƙullin nan ya haura shekara ɗari biyu. A 1819 wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya zuba ruwan asid mai ƙarfi a kan tsummokara da garin katako ya sami sukari. Hanyar tana aiki, sai dai asid yana cin tukunya, yana ƙona wani ɓangare na sukarin, kuma raba shi da abin da aka samu wahala ce. Sauyi ya zo ta inda ba a zata ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tantuna da kakin sojojin Amurka suka riƙa ruɓewa a tsibiran Solomon. Aka kwashi fumfunar da ke cin su aka kai ɗakin binciken soja, wanda daga baya ya zauna a Natick, inda Elwyn Reese da Mary Mandels suka shafe shekaru suna nazarinta. An sa su nemo yadda za a hana ta cin tanti, suka ƙare da gano cewa tana fitar da tarin enzayim masu narkar da selulos. Har yau jikokin wannan fumfuna, wadda aka raɗa wa suna Trichoderma reesei don girmama Reese, su ne ke samar da mafi yawan irin wannan enzayim da masana'antu ke saye.

Wadda ta fi jan hankalina a wannan fage ita ce Frances Arnold. An haife ta a 1956 a Pittsburgh. Tana budurwa ta yi tuƙin tasi, ta yi aikin kai abinci a gidan cin abinci. Digirinta na farko, daga Princeton a 1979, a injiniyancin injuna da jiragen sama ne, ko kusa da ilimin sinadarai bai je ba. Ta kama aiki a cibiyar binciken makamashin rana da ke Kolorado a zamanin da tsadar mai ta shekarun 1970 ta firgita Amurka, shugaba Carter yana ta zancen neman madadin fetur. Da gwamnati ta sauya, Reagan ya hau, aka janye kuɗin, sai ta koma makaranta. Ta gama digirin digirgir a Berkeley a 1985, shekarar da ta biyo baya ta tafi jami'ar Caltech, inda take har yanzu.

Yayin da ake ciki a lokacin shi ne masani ya zauna ya zana enzayim da basirarsa, ya ce in na sauya wannan gaɓa zai yi kaza. Ta gwada, abin ya ƙi. Enzayim sarƙa ce mai gaɓoɓi ɗaruruwa da ke naɗe kanta ta hanyar da a wancan zamani ba wanda ke iya hasashe. Sai ta sauke girman kai irin na masana ta ɗauki dabarar da kowane manomi ya sani. Idan baffana ya zo ajiye iri, ba ya tambayar dalilin da ya sa wannan zangarniya ta fi waccan cika. Wadda ta fi ita yake warewa ya rataye, baɗi ya shuka, ya sake zaɓe. Haka Arnold ta yi a cikin kwalba. Ta riƙa kwafar ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera enzayim ta hanyar da za a riƙa samun ƙananan kurakurai da gangan, ta dasa kwafe-kwafen a cikin bakteriya, kowace ta ƙera nata, a gwada dubbai, a ɗauki gwarzon cikinsu a mayar da shi uban zagaye na gaba. A 1993 ta nuna sakamakon: wani enzayim mai suna subtilisin, wanda aka tilasta wa aiki a cikin wani ruwan sinadari da ba muhallinsa ba, ya ninka na asali sau 256 bayan zagaye kaɗan. Wasu manyan fannin suka yi mata kallon mai caca, wai ba ta san dalilin abin da take samu ba. A 2018 aka ba ta rabin kyautar Nobel ta ilimin sinadarai, mace ta biyar da ta taɓa samu. Wani abu da ya ƙara mata daraja a idona ya faru a Janairun 2020, lokacin da ta fito da bakinta ta sanar cewa ta janye wata maƙala da ɗakin bincikenta ya wallafa, don an kasa maimaita sakamakon. Ina jiran ranar da zan ga haka a jami'o'inmu.

Kan batun kara, aikinta na 2009 ne ya shafe mu. Matsalar enzayim ɗin fumfuna ita ce ba ya jure zafi, da ya wuce digiri 50 sai ya lalace, alhali aikin ya fi sauri a zafi, ƙwayoyin da ke ɓata shi kuma sun fi mutuwa. Ita da ɗalibanta suka ɗauki enzayim uku daga fumfuna iri uku, suka yanka kowanne gida takwas, suka riƙa haɗa gutsuren wannan da na wancan. Haɗin da zai yiwu ya kai 6,561. Suka gwada kaɗan, suka yi amfani da lissafi suka hango sauran, suka fito da sababbi 15 masu jure zafi, wasu har digiri 70 da ɗoriya. Tun 2005 kuma ta shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Gevo don yin mai daga tsirrai, kuma a Nuwamban 2016 wani jirgin Alaska Airlines ya tashi daga Siyatil zuwa Washintan da man da kashi 20 cikin ɗari nasa daga ragowar itatuwan daji aka yi shi. A ɗakin bincike dai an kwance ƙullin.

A kasuwa ne labarin ya sha bamban. A 2007 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta sa ran galan biliyan 16 na man selulos a shekara zuwa 2022. Abin da aka samu na wannan mai, wato ruwan itanol daga kara, bai kai a yi maganarsa kusa da wannan adadi ba. Kamfanonin POET da DSM sun buɗe masana'anta a Emmetsburg ta jihar Ayowa a 2014, suka dakatar da ita a 2019. DuPont ya buɗe tasa a jihar a 2015, ya rufe a 2017. Ta Clariant a Podari ta ƙasar Romaniya, wadda aka tsara ta ci tan 250,000 na karan alkama ta ba da tan 50,000 na itanol, ta fara aiki a 2022, a Disamban 2023 aka sanar da rufe ta. Ita kanta masana'antar Gevo ta Luverne da ƙwayar masara aka ciyar da ita. Dalilan ba su da wani asiri. Kara kaya ne mai cika mota ba nauyi, kuɗin dakonsa ya kusa cinye ribarsa. Yana zuwa da yashi da duwatsu masu cin haƙoran inji. Kafin enzayim ya kai ga selulos sai an fasa lignin da tururi da asid, wannan mataki kuma shi ya riƙa toshe bututu. Ana cikin haka farashin ɗanyen mai ya faɗi a ƙarshen 2014. Ƙasar Barazil ce ta ɗan daure, don can tuƙar rake tana tare a ƙofar masana'antar sukari, ba sai an bi gona-gona ana tsinta ba.

Wannan fa a Ayowa ke nan, inda manomi ɗaya ke da ɗaruruwan hekta, kuma da yawansu neman kai suke da karan masara. Masana'antar DuPont an tsara ta ne ta ci tan 375,000 a shekara. Mu ƙaddara kowace hekta a ƙasar Kunchi ko Makoɗa tana ba da tan 3 na kara, mu yi mata kara ma. Ana buƙatar hekta 125,000 ke nan, a kwashe kaf ba a bar wa kowa ko sili ba, daga hannun dubban magidanta da kowannensu gonarsa 'yan gayauni ne a warwatse, wannan a bayan gari, waccan a hanyar rafi.

Ko da za a iya tattarawa, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Tun shekarun 1960 wani masani, Michael Mortimore, ya fara nazarin karkarar da ta kewaye Kano, yana mamakin yadda ƙasa mai yashi, wadda ake nomawa kowace damina ba hutu, take ci gaba da ciyar da mutum ɗaruruwa a kowace murabba'in kilomita. A farkon shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna a Tumbau ta ƙasar Gezawa tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Amsar da ta samu manomanmu sun daɗe da saninta a aikace: harawar wake da ta gyaɗa da karmami suna zuwa gida, tumaki da awaki na turke su ci, kashinsu ya haɗu da toka da sharar tsakar gida, da bazara a loda a mangala a mayar gona. Ƙurar hunturu ta ƙara nata. Wannan zagaye shi ya riƙe ƙasar. Sauran karan da dabba ta bari, mai kauri ya tafi danga da rufin rumfa da gadon kara, gutsattsarin ya shiga murhu ya dafa tuwo a inda itace ya yi tsada, tokar kuma wata a tace ta a sami ruwan toka na miya ko na sabulu, wata ta bi taki. Ɗan makaranta ma da sillen kara yake feƙe alƙalaminsa. Shi ya sa manomi ya riƙe farafara da kaura masu tsawo duk da gajerun irin da ake kawo masa daga cibiyar binciken noma ta Samaru, waɗanda a takarda sun fi ba da tsaba. Shi girbi biyu yake lissafawa a shuka ɗaya. Masu binciken noma na cibiyar IITA ta Kano, a ƙarƙashin B. B. Singh, sai da suka gane haka sannan suka fitar da wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, aka gwada shi da manoman Bichi a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma karɓu.

Da na je gida na kwashe labarin taron na faɗa wa baffan nawa, yana zaune yana gyaran igiyar turke. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, “To ɗana, na ji. Ita tunkiya in ta ci takan biya ni da taki. Motar in ta sha, a gonar wa take kasayarwa?” Na ce, “Baffa, hayaƙi take yi.” Ya ce, “Allah ya kyauta,” ya ci gaba da igiyarsa.

Ban ɗauki wannan a matsayin sallamar masu ilimin sinadarai daga karkara ba. A ganina an aike su kasuwar da ba tamu ba ne. Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai tun 2007, ana ta zancen haɗa kashi 10 na itanol a fetur, mu kuma matsalarmu tana turke. Karan dawa abinci ne maras ƙarfi, kusan rabinsa haka yake ratsa cikin dabba ya fita ba a narkar ba, saboda lignin ɗin nan dai da ya gagari injinan Ayowa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da harawa ta ƙare ko ta yi tsadar da sai mai kiwon ragon layya, za ka ga tumaki suna gaigayar kara suna ramewa. Duk wanda ya ƙara ko kashi goma a abin da tumbi ke iya cirewa daga dami ɗaya, ya ƙara wa ƙauye nama da nono, takin kuma bai je ko'ina ba.

Akwai ma hanyar da aka daɗe da sani. A narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a danne a rami ko a leda a toshe iska na mako uku. Wani enzayim da ke jikin karan da ƙwayoyin da ke kansa zai farfasa yuriyar ta koma iskar amoniya, ita kuma ta sassauta riƙon da lignin ya yi wa selulos, ta kuma bar wa dabba sinadarin gina jiki. Wannan enzayim, yuriyes, shi ne na farko da aka taɓa tacewa tsantsa a tarihi: James Sumner ya ciro shi daga wani irin wake a 1926, ya sami Nobel a kai a 1946. A ƙasar Sin dabarar ta yaɗu tsakanin masu kiwon shanu. A nan an sha koyar da ita amma ba ta zauna ba, kuma ban ga laifin manomi ba. Buhun yuriya tsada gare shi duk da katafariyar masana'antar takin da aka buɗe a Lekki a 2022, kuma wanda ya samu gona zai kai. Ruwa da rani sai an sha tafiya. Sara da adda aiki ne mai karya kafaɗa. In kuma aka kuskure awo, ko dabba ta sha ruwan yuriyar, mutuwa za ta yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan cikas tambaya ce da ta dace da ɗakin bincike. Ruwan tokar da matanmu ke tacewa yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke sassauta lignin. Nawa ne awonsa, toka ta wane kara ta fi, kwana nawa za a jiƙa? Akwai dawa mai ƙarancin lignin da aka fitar a jami'ar Purdue a shekarun 1970, dabba ta fi narkar da ita, amma karan da ya yi laushi ga tumbi ya yi laushi ga iska da danga, don haka sai an zauna da manomi a ji kashi nawa na gonarsa zai iya ba ta.

In kuwa dole sai an yi masana'anta, a nemi abin da da gaske ya rasa mai so. Ɓuntun shinkafa na nan tsibi-tsibi a bayan injinan casa, daga birni har yankunan noman rani na Watari da Tomas. Dabba ba ta iya narkar da shi saboda yashin da ke jikinsa, kuma an riga an tara shi wuri ɗaya, wato an kauce wa abin da ya karya Ayowa. Totuwar masara ma ana dafa ta da ɗan asid a sami furfural, sinadarin da masu tace man inji da masu zubin ƙarfe ke saye. Kamfanin Quaker Oats ya fara yin sa daga ɓawon hatsi tun 1922, yau ƙasar Sin ce ke kan gaba, mafi yawa da ƙananan masana'antu.

Abin da nake so ɗalibanmu na Bayero da Samaru da Shika su ɗauka daga Arnold bai wuce yadda take aiki ba. Ta yarda halitta ta riga ta gwaninta, ta ƙirƙiro gwaji mai sauƙi, ta maimaita shi sau dubbai, kuma ta kiyaye cewa abin da ka auna shi za ka samu. Wanda ya auna yawan sukarin da ya fito a kwalba, kwalba zai gamsar. Enzayim ɗin Natick daga tsibiri mai ruwan sama ya fito, an kuma rene shi don tankin ƙarfe. Surin garar da ke bayan makarantar firamare a Tsanyawa, da tumbin jar akuyar da ake yankawa kullum a mahauta, da ƙasan juji inda kara ke ruɓewa a zafin Afrilu, duka cike suke da halittun da suka saba da karanmu da zafinmu. Ba a buƙatar na'urar Caltech kafin a fara: robobi ɗari, yankakken kara, ma'auni, da raguna ashirin da za a raba gida biyu a riƙa ɗora su a sikeli duk ranar Lahadi, ranar kasuwar Dambatta, daga ƙarshen hunturu har faɗuwar ruwan farko.